Maganin Da Aka Ɓoye A Rumbu



Wata ranar Lahadi, bayan an tashi daga Misa a wata ƙaramar majami'armu ta ƙauye a ƙasar Pauwa, wata mata ta tsaya har jama'a suka watse, sa'an nan ta matso ta durƙusa ta ce, "Fada, ina da magana." Ba a wurin furta zunubi ta faɗa mini ba, kuma ta yarda in ba da labarin muddin ban ambaci sunanta ko sunan garinsu ba. An gwada mijinta an same shi da ƙwayar cutar HIV, wadda ke jawo ciwon ƙanjamau. Ita kuwa da aka gwada ta, sai aka tarar lafiyarta ƙalau. Malaman asibiti suka ɗora mijin a kan magani, ita ma suka ba ta wani na kariya, ƙwaya ɗaya kowace rana, domin kada ta ɗauka daga wurinsa. Ta yi wata biyu tana sha. Ran nan uwar mijinta ta shigo ɗaki ta tarar da ita tana haɗiyar ƙwayar, ta ce, "Ke kuma lafiya? Yaushe mai lafiya ya fara shan magani kullum?" Kafin magariba maganar ta kai kunnen facalolinta. Sai ta ɗauke kwalbar daga ɗaki ta tusa ta cikin damman dawa a rumbu. Amma mace ba ta hawa rumbu kowace safiya ba tare da an tambaye ta abin da ta ajiye ba. Ta koma sha bi-da-bi, daga nan sai ran da ta sami sarari, daga ƙarshe ta daina. Tambayar da ta kawo mini ita ce, "Fada, idan na kamu, ni na kashe kaina?"

Wannan tambaya ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, ita ce kuma nake so mu duba tare. Idan aka ba mutum abin da zai tsare ransa, ya karɓa, sa'an nan ya kasa ci gaba da sha, laifin wa ke nan? Mene ne kuma haƙƙin da ya rataya a wuyan waɗanda ke kewaye da shi?

Mene ne wannan magani?

Ya kamata mu fara sanin abin da muke magana a kansa, gama da yawa cikinmu sun san maganin da mai ɗauke da cutar ke sha, amma ba su san akwai na kariya ba. Iri uku ne.

Na farko shi ne wanda ke tsare jariri. Mace mai ɗauke da ƙwayar cutar tana iya sa wa ɗanta tun yana ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a yi kome ba, cikin jarirai 100 na irin waɗannan iyaye, tsakanin 15 zuwa 45 suna kamuwa. Idan kuwa uwa tana shan maganinta kullum, aka kuma riƙa ɗiga wa jaririn nasa na ruwa a makonnin farko, adadin yakan sauka ƙasa da 5. Tun a 1994 aka fara gane haka, sa'ad da wani bincike a Amurka da Faransa ya nuna cewa maganin AZT ya rage yawan jariran da ke kamuwa daga kimanin kashi 25 cikin 100 zuwa kimanin kashi 8.

Na biyu shi ne na gaggawa. Wanda aka yi wa fyaɗe, ko ma'aikacin asibitin da allurar majiyyaci ta soke shi, idan ya fara shan magani kafin awa 72 su cika, ya kuma sha har kwana 28 ba fashi, ana sa ran ƙwayar cutar ba za ta sami wurin zama a jikinsa ba. Gwargwadon saurin farawa, gwargwadon ƙarfin kariyar.

Na uku shi ne irin na matar nan, wanda lafiyayye ke sha tun kafin cutar ta same shi, saboda yana zaune kusa da haɗari. Likitoci suna ce masa PrEP. An amince da shi a Amurka a 2012, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba duk wanda ke cikin babban haɗarin kamuwa. Dole a gwada mutum kafin ya fara, a kuma riƙa sake gwada shi bayan kowane wata uku. Yakan ɗauki kamar mako guda ana sha kafin kariyar ta kankama. Wasu sukan ji tashin zuciya ko ciwon kai a makonnin farko, yawanci kuma yakan wuce. Ba ya tsare mutum daga sauran cututtukan da ake ɗauka ta wurin kwanciya.

Duk ukun abu ɗaya ya haɗa su: ana shan su ne domin abin da bai faru ba tukuna. Nan wahalar take. Mai zazzaɓi ba ya bukatar a tuna masa da magani, jikinsa ne ke tuna masa. Amma lafiyayye ba shi da wannan mai tuni. Mun san rigakafi ya fi magani, muna kuma faɗa a kowane taro, sai dai rigakafin da muka saba da shi na yini ɗaya ne, a ɗiga wa yaro a baki ko a yi masa allura a wuce. Ko maganin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa ƙananan yara gida gida da damina, wanda masu rabawa ke ba da na ranar farko su bar wa uwa na kwana biyu, iyaye mata sun san yadda na ranar ta uku yakan kwana a kan taga. To, ina ga wanda za a sha watanni, a ɓoye?

Abin da masana suka gano

Akwai bincike biyu da aka yi a nahiyarmu waɗanda ya kamata kowane mai tunani a kan wannan batu ya sani. An yi na ɗaya a Afirka ta Kudu da Yuganda da Zimbabuwe, da mata sama da 5,000, aka bayyana sakamakonsa a 2013. Maganin bai nuna wani amfani ba. Masanan suka ruɗe, domin da aka tambayi matan, kusan tara cikin goma sun ce suna sha yadda aka ce. Da aka duba jininsu, sai aka ga alamar maganin a ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Ashe ba sa sha, suna dai jin nauyin faɗa.

Na biyun an yi shi a Kenya da Yuganda, aka bayyana shi a 2011, da ma'aurata sama da 4,700 waɗanda ɗaya na da cutar ɗaya ba shi da ita, kamar dai matar nan da mijinta. A nan maganin ya rage kamuwa da kashi 75 cikin 100, ga waɗanda kuma aka tabbatar akwai maganin a jininsu, kariyar ta kai wajen kashi 90. Yawancinsu sun sha.

Magani ɗaya ne, nahiya ɗaya ce. Me ya raba su? A bincike na biyu, miji da mata tare suka je, kowa ya san halin da ɗan'uwansa yake ciki, kwalbar tana iya zama a fili cikin ɗaki, wani yana iya ce wa wani, "Kin sha kuwa?" A na farko, yawancin matan su kaɗai suke ɗauke da sirrinsu, suna tsoron kada a ga ƙwayar a ce masu ciwo ne. Abin da na koya daga wannan shi ne, ƙarfin halin da ake bukata domin a sha magani kullum ba a cikin mutum ɗaya yake zaune ba. Yana zaune ne tsakaninsa da mutanen gidansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yadda abin yake a ƙasarmu

Wani zai ce, wannan ciwo ai ba namu ba ne, na mutanen birni ne da na kudu. Gaskiya ne cewa babban binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar a ƙasar duka, kuma Jihar Katsina tana cikin mafiya ƙaranci, wajen mutum 3 cikin 1,000. Mun gode wa Allah. Amma ƙarancin yana da nasa nauyi. Inda masu cutar ke da yawa, mutane sun saba, kowane gida ya taɓa jinya, ba a nuna kowa da baki. Inda ba su da yawa, wanda abin ya sama shi kaɗai ne a unguwa, kamar baƙin sa cikin fararen shanu. Saurayin da aka gani yana haɗiyar ƙwaya kowace safiya, kafin a yi tunanin lafiyarsa an riga an ce ɗan ƙwaya ne. Matar aure kuwa za a ce ko dai tana hana kanta haihuwa ne, ko kuwa akwai abin da take ɓoyewa.

Bayan kunya akwai hanya. Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba sa bukatar a gaya musu abin da dajin da ke yamma da mu ya zama. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara ne a watan Disamba na 2020, sa'ad da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya, amma mu mun san cewa kafin wannan da bayansa an yi ta ɗaukar mutane ɗaya ɗaya, biyu biyu, a gona da kan hanyar kasuwa, ba tare da wani gidan rediyo ya ambace su ba. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan ukun, aka yi watanni ba a iya kiran kowa, an rufe kasuwannin dabbobi, an taƙaita hawa babur da sayar da mai. Wanda ranar karɓar maganinsa ta faɗo a irin wannan lokaci, yaya zai yi? Ƙauyuka da yawa sun tashi, mutanensu suna raɓe a gidajen dangi a Funtuwa da Malumfashi da cikin garin Ƙanƙara. Wanda ya gudu da dare da rigar jikinsa bai tsaya ɗaukar katin asibiti ba, kuma ɗakin da mutum goma ke kwana ba shi da lungun da za a ɓoye kwalba.

Akwai kuma abin da ba mu son ambata. 'Yan'uwanmu mata da aka tsare a daji, da yawa an ci mutuncinsu. Ranar da suka dawo mukan taru mu yi kuka mu yi godiya, a kawo ruwan wanka, a dafa abinci, kowa ya yi shiru a kan abin da kowa ya sani. Ana cikin wannan shiru awa 72 suke wucewa. Lissafin yana farawa ne daga lokaci na ƙarshe da aka taɓa ta, saboda haka ko ta yi makonni a hannunsu, ranar dawowarta ranar zuwa asibiti ce. Idan ma lokacin ya wuce, gwaji da kulawa ba su wuce ba. Kawaicin da muke yi domin mu rufa mata asiri yana iya zama abin da zai cuce ta har ƙarshen ranta.

Ba ƙofar zunubi ba ce?

Dole in tsaya a kan wata damuwa da na ji daga bakin dattawa masu tsoron Allah, har da wasu 'yan'uwana firistoci. Suna cewa, idan aka ba mutane maganin da zai tsare su daga sakamakon fasikanci, ba an cire musu tsoro ke nan ba? Ban raina wannan tambaya ba. Koyarwar Ikkilisiya a kan aure da tsabtar rai tana nan daram, babu ƙwayar da za ta mai da haram halal, babu kuma allurar da ke warkar da cin amana.

Amma mu dubi waɗanda muke magana a kansu. Jaririn da ke cikin uwarsa, wane zunubi ya yi? Yarinyar da aka ja zuwa daji da bakin bindiga, wane zaɓi aka ba ta? Matar da ta riƙe alkawarin aurenta, ta ƙi gudun mijinta a ranar da ciwo ya same shi, ashe ba abin da muka sa ta rantse a gaban bagade take cikawa ba? Shi kansa mijin, ba mu san ta inda ya samu ba. Ana ɗauka ta ƙarin jinin da ba a tantance ba, ta allurar da aka yi wa wani, ta askar da ba a tsabtace ba. A cikin Bisharar Yohanna, sura ta 9, almajirai sun ga wanda aka haifa makaho, abin da ya fara zo musu shi ne neman wanda ya yi laifin. Ubangijinmu ya kawar da tambayar, ya warkar da mutumin.

Ko da wanda ya faɗa haɗari ta wurin halinsa ne, ina roƙo mu yi tunani. Tsoron ciwo bai taɓa zama tushen nagarta ba. Wanda ya bar zunubi don tsoron ƙanjamau kaɗai, jikinsa ya tsare, zuciyarsa tana inda take. Aikinmu shi ne mu kira shi ga tuba, kuma mai rai ne ke tuba. Idan muka bar shi ya kamu domin ya zama darasi, ba shi kaɗai zai biya ba, matar da zai aura da 'ya'yan da zai haifa za su biya tare da shi. Likita ba ya tambayar wanda ya faɗo daga babur ko gudu yake yi kafin ya ɗaure masa karaya.

To, laifin wa?

Ba zan ce mai shan magani ba shi da nasa alhaki ba. Rai amana ce, ba mallakarmu ba. Wanda ya karɓi magani ya yi sakaci da gangan, ya kuma ce wa malaman asibiti yana sha alhali ba ya sha, ya cuci kansa ya kuma cuci wasu, gama idan ya kamu bai sani ba yana ta sha yana bari, ƙwayar cutar tana iya saba wa maganin har ya daina yi mata aiki. Faɗin gaskiya ga mai ba ka magani wajibi ne. Wanda ya ga ba zai iya ci gaba ba, ya koma ya faɗa, a nemi wata dabara.

Amma malaman tauhidi sun koya mana cewa nauyin laifi yana raguwa gwargwadon yadda tsoro da tilas suka danne 'yancin mai aikatawa. Matar nan ba ta daina sha don raina ranta ba. An sa ta zaɓi tsakanin lafiyarta da mutuncinta a gidan da za ta zauna har mutuwa, ta zaɓi abin da ke gabanta a yau ta bar abin da ba ta gani ba. Alhakin da ya sauka daga kanta kuwa bai ɓace ba, ya koma kan wasu. Ya koma kan bakin da ya kai maganar tsakar gida. Ya koma kan mijin da ya ji ana yi da matarsa ya yi shiru, domin kada a gane shi ne mai ciwon. Ya koma kaina ni ma, da na yi shekaru ina wa'azi a wannan majami'a ban taɓa faɗin kalma ɗaya da za ta sa uwar miji ta san cewa mai lafiya yana iya shan magani kullum ba tare da ya yi abin kunya ba.

Dukanmu mun san misalin Basamariyen nan mai tausayi a Bisharar Luka, sura ta 10. Yawanci mukan tsaya a inda ya sauka daga dabbarsa ya ɗaure raunukan mutumin. Amma labarin bai ƙare a nan ba. Ya kai shi masauƙi, ya kwana yana jinyarsa, da safe ya bar kuɗi a hannun mai masauƙin, ya kuma yi alkawarin zai dawo ya biya abin da ya ƙaru. Tausayin farko mai sauƙi ne, kowa yana iya yinsa idan ya ga jini. Dawowar ita ce mai wuya, domin a ranar babu jini, babu masu kallo, sai lissafi da ɗawainiya. Taimakon mai shan maganin kariya duk dawowa ne. Kakanninmu da suka ce zumunta a ƙafa take, wannan suke nufi.

Abin da za mu iya yi

Na farko, mu gyara bakinmu. Tun 2014 akwai dokar ƙasa da ta hana nuna wa masu ɗauke da wannan cuta bambanci, amma doka ba ta shiga tsakar gida. Mu ne ke shiga. Wanda ya ga kwalbar magani a ɗakin wani, bai ga kome ba. Katakis da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa su riƙa faɗa a fili cewa akwai magungunan da lafiyayyu ke sha, domin ranar da aka ga wani yana sha kada abin ya zama baƙo.

Na biyu, kowane mai shan magani ya sami mutum ɗaya da ya yarda da shi, shi da kansa zai zaɓa, ba za a zaɓa masa ba. Aikin wannan mutum tuni ne da rakiya. Ba ɗan sanda ba ne. Idan aka ce masa, "Jiya ban sha ba," amsarsa ita ce, "To, sha na yau," gama wanda aka yi wa faɗa sau ɗaya, gobe ƙarya zai yi, mun kuwa ga inda ƙarya ta kai matan binciken nan. Wanda aka ba wannan amana ya riƙe ta kamar yadda firist ke riƙe abin da ya ji a wurin furta zunubi.

Na uku, a ɗaura shan maganin a jikin abin da ba a mantawa. Mai addu'ar safe ya ajiye shi kusa da carbinsa. Maƙwabcinmu Musulmi ya haɗa shi da sallar asuba ko ta lisha. Da yake sau ɗaya ake sha a yini, azumi ba ya hana shi, sai a shawarci malaman asibiti a mai da shi dare.

Na huɗu, mu yi wa hanya dabara. A lardin Tete na ƙasar Mozambik, tun daga 2008, masu shan maganin wannan cuta suka riƙa haɗa kansu ƙungiya ƙungiya, mutum shida ko ƙasa da haka, kowane wata ɗaya ya je ya karɓo wa saura. Mu da muka san adashi da gayya ba ma bukatar a koya mana wannan. Wanda zai je gwajinsa na wata uku, a haɗa masa kuɗin mota, a sami mai raka shi. Wanda ya ga alamar za a tashi daga gari, ya roƙi a ba shi na watanni. Wanda ya yi gudun hijira ya je asibiti mafi kusa ya faɗi abin da yake sha, ko babu kati.

Na biyar, maza su tsaya. A 2011 an tabbatar cewa idan mai ɗauke da cutar ya fara magani da wuri, haɗarin sa wa abokin aurensa yana raguwa da kashi 96 cikin 100, bincike na baya kuma ya nuna cewa wanda maganin ya danne ƙwayar cutar a jininsa har gwaji ba ya ganinta, ba ya sa wa matarsa ta wurin kwanciya. Wannan yakan ɗauki kamar wata shida. Ke nan maganin matar gada ce, tana iya sauka daga kanta idan likita ya tabbatar mijin ya kai. Kowace ƙwaya da miji ya haɗiya, matarsa da 'ya'yansa yake tsarewa.

Akwai labari mai daɗi daga masana. A 2024 an gwada wata allura mai suna lenacapavir, wadda ake yi sau biyu kacal a shekara, a kan 'yan mata da mata a Afirka ta Kudu da Yuganda. Cikin sama da 2,000 da aka yi wa, babu ko ɗaya da ta kamu a lokacin da aka bayyana sakamakon. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da ita. Allura ba ta bukatar rumbu. Amma a farkon shekarar 2025 ne kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa, wanda tun 2003 yake ɗauke da babban kaso na yaƙi da wannan cuta a Afirka, maganin kariya kuwa yana cikin abin da ya fi jin jiki. Wannan ya tuna mana cewa abin da ke zuwa daga nesa yana iya tsayawa a kowace rana. Ko allurar ta iso ƙauyukanmu, sai an sami wanda zai tuna cewa wata shida sun cika, wanda zai riƙe yara, wanda zai ce, "Tashi mu je."

Ƙarshen labarin

Na ce wa matar nan, "'Yar'uwa, ba ki kashe kanki ba, kuma ba a makara ba. Amma kada ki koma kan kwalbar rumbu da kanki, sai an sake gwada ki." Na nemi izininta na yi magana da mijin. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sa'an nan ya ce, "Fada, kunya ce ta hana ni." Na ce masa kunyar da yake gudu, matarsa ce ke ɗauke da ita a madadinsa. Bayan kwana biyu ya shiga ɗakin mahaifiyarsa ya ce, "Inna, maganin da kika gani, saboda ni take sha." Tsohuwar ta yi kuka. Ba ta ce kome ba a ranar. Da suka je asibiti aka gwada matar, Allah Ya kiyaye, ba ta kamu ba, aka sake ɗora ta a kan maganin. Yanzu kwalabe biyu suna cikin kwanon da ke ɗakin tsohuwar, ita ce kuma ke aika jikanta da sassafe ya ce wa iyayensa Inna na kira.

Ba kowane labari ne ke ƙarewa haka ba. Akwai waɗanda aka kora, akwai waɗanda suka kamu, akwai waɗanda har yanzu maganinsu yana cikin rumbu ba wanda ya sani. Wataƙila ɗaya daga cikinsu yana zama kusa da kai a benci ranar Lahadi. Ba a ce ka bincika ba. An ce ka zama irin mutumin da za a iya gaya wa, wanda kuma idan an gaya masa zai dawo gobe, ya dawo jibi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare masu lafiya, Ya dawo mana da waɗanda ke hannun mutanen daji, Ya kuma ba ƙasar Pauwa da Jihar Katsina duka zaman lafiya. Uwargida Maryamu, lafiyar marasa lafiya, ki yi addu'a dominmu. Amin.